Wa ya faɗa maka? Abin da koyar da tarihi a Maradi ya koya mini

Da na fara koyar da tarihi ga ɗaliban da suka ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, yadda aka koyar da ni haka na koyar. In shiga aji da takarduna, in yi ta shifta da Faransanci, su kuma su yi ta rubutu cikin kaye har hannu ya gaji. Ranar jarrabawa su maido mini da kayana, ko ɗigo bai ɓace ba. Maki na kyau, ni ma hankalina kwance.

Wata rana muna darasin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, sai na tambaye su me ya sa ake ce wa sarkin garin nan Sarkin Katsina, alhali ga Katsina can bayan Ɗan Isa da Jibiya, a wata ƙasa. Aji ya yi tsit. Yaran nan ko cikin barci ka tashe su za su faɗa maka juyin juya halin Faransa a 1789 aka yi, taron Balin kuma 1884 zuwa 1885. Da yawansu a Bagalam da Mokoyo aka haife su, ta ƙofar fada suke wucewa kullum. Na koma gida raina a ɓace, don na san ni ne ban taɓa nuna musu cewa ƙasar da suke takawa ita ma tana da labari ba.

Mako na gaba na zo musu da abu kaɗan. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya samu sarauta. Gidan sarautar da aka kora ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maradi da abokansu Abzinawa a Gawakuke, inda Rauda, sarkin Maradi, ya rasu, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri nan kusa da mu. Daga baya Ɗan Baskore, sarkin Maradi, ya shekara da shekaru yana kai yaƙi ƙasar Katsina. Iyakar abin da na ba su ke nan. Na raba ajin biyu, na ce ɓangare ɗaya su ba da labarin nan kamar a fadar Katsina suke, ɗayan kuma kamar a fadar Maradi.

Ban taɓa ganin ajina da rai kamar ranar ba. A bakin na farko mutanen Maradi mahara ne da suka ƙi bin gaskiya suka hana ƙasa zama lafiya. A bakin na biyu kuwa magada ne da aka ƙwace wa gidan ubansu suna neman komawa. Shekarun ɗaya ne, sunayen ɗaya ne, amma sai ka ce ba abu guda ake faɗa ba. Ana cikin gardama wata ɗaliba da ta fito daga wani ƙauyen Madarunfa ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe (wato malam), to manomin da ke tsakani fa, wanda in waɗannan sun zo su kwashe mashi hatsi, in waɗancan sun zo su kama mashi ɗiya, wa zai ba da nashi labarin?" Ban shirya wa wannan tambaya ba, kuma ita ce ta fi duk abin da na shirya. Tun daga lokacin kashi uku nake raba ajin, kashi na ukun kuma shi ya fi wuya, don ba maroƙin da ya taɓa yi wa wannan manomi kirari, ba kuma malamin fada da ya rubuta sunansa.

Da aka tashi wani ya biyo ni ya ce, "Mushe, wanne za mu rubuta ran jarrabawa?" Na ce ya rubuta duka, amma kowanne ya faɗa mini daga bakin wa ya fito, yaushe aka faɗe shi, kuma me mai faɗin zai samu in an yarda da shi. A ganina aikin mai nazarin tarihi ke nan, kuma wanda ya gama lise, wato sakandare, ya isa a ɗora masa shi. Da wannan ma'aunin muke karanta Baturen Jamus Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851, da rahotannin Faransawa kan ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa da suka ƙona garuruwa tun daga yamma kafin sojansu su kashe su a yankin Maijirgi a watan Yuli na 1899. Bature ya rubuta ba shi ne ya sa magana ta zama gaskiya ba, haka ma don kaka ce ta faɗa.

Akwai maganar harshe, wadda wasu abokan aikina ba su yarda da ni a kanta ba. Ina barin gardama ta gudana da Hausa, sannan a rubuta da Faransanci. Na lura ɗalibin da ke sunkuyar da kai don tsoron kada ya karya nahawu, in aka sakar masa harshe sai ka ji hujja mai nauyi a bakinsa. Kuma wasu kalmomin ba sa fassaruwa lafiya. Sarautar Iya a Maradi, ko Inna a Tsibiri, wato babbar sarautar mata ta gidan sarki, in ka juya ta da kalma guda ta Faransanci ka zubar da rabin ma'anarta.

Sai fita waje, inda na yi kuskuren da har yau yake damuna. Karon farko na ce kowa ya je ya binciko asalin gidansu ya zo ya faɗa gaban aji. Wani yaro mai ƙoƙari ya ɗauke ƙafa har mako biyu. Da na neme shi ya ce, "Mushe, kakan kakana kamo shi aka yi a yaƙi. So kake in tsaya gaban abokaina in faɗi haka?" Na ba shi haƙuri, na janye aikin. A ƙasar da bauta ba ta yi nisan da za a manta da ita ba, bai kamata malami ya tilasta wa kowa tona asalinsa ba. Yanzu su ke zaɓa: unguwa, ko kasuwa, ko sana'a irin su jimar fatar jar akuya, da ƙira, da cinikin gyaɗar da ya tayar da alhazan garin nan.

Kafin su fita muna gwadawa a aji. A gaida dattijo yadda ya kamata, a riƙa ɗan goro, a nemi izini kafin a kunna wayar ɗaukar murya, kada a katse shi. Kuma kada a ce "Baba, wace shekara ce?", don ba da lamba yake ƙirga ba. A tambaye shi kafin ambaliyar gulbi ne ko bayanta, wato ta 1945 da ta sa aka tashi daga tsohon gari aka hau tudu. Ko kuwa yana da ƴaƴa nawa lokacin El-Buhari, yunwar 1984 da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Daga nan ɗalibi ya fitar da shekarar da kansa, ya kuma nemi mutum na biyu da zai gaskata ko ya ƙaryata.

Hanyar tana cin lokaci, ba na musu. Manhaja ba ta ƙarewa yadda aka tsara, gyaran takardu kuma ya fi na da wahala tun da ba amsa biyu da ke kama da juna. Wasu ɗaliban ma sun fi son shiftar, don ta fi kwantar musu da hankali. Na rage wasu babuka na ba su su karanta a gida, na tsare lokacin aji don gardama da duba hujja.

Asabar mai zuwa za mu gangara bakin gulbi da ƴan shekarar farko, wajen da tsohon gari yake. Wani dattijo da aka goya shi aka hau tudu da shi shekarar ambaliya ya yarda zai raka mu, ya ce mu zo da sassafe kafin rana ta yi zafi.