Jidda zuwa Kano: awa biyar a takarda, awa bakwai a sama

Har yanzu in na tuna dawowar Hajiyarmu gida bayan umararta sai raina ya ɓaci da ejan ɗin da ya yankar mana tikiti a nan Makka. Na tambaye shi da bakina, awa nawa ne? yace awa biyar ne ai kamar kullum, duba ma takarda, tashi ƙarfe 8 na safe sauka ƙarfe 1 na rana. To kowa ya san Jidda zuwa Kano wajen kilomita 3,400 ne, da can awa biyar ake yi, shi yasa ba wanda ya kawo komai a ransa.

Abinda bai faɗa ba shine ƙarfe 1 ɗin nan agogon Najeriya ne, kuma Saudiyya tana gaba da awa biyu, wato ƙarfe 3 kenan a nan. Awa bakwai cur. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirgin da zai tsallaka Bahar Maliya ya ratsa Sudan da Chadi kai tsaye dole ya zagaya. Ni da idona na ga namu a ɗan allon kujera ya yi kudu ta kan Habasha.

Hajiya tana da ciwon suga ga ciwon gwiwa, kuma a kan lissafin awa biyar ɗin nan aka zuba sauran magungunanta a babbar jaka aka kai awo. Bayan awa biyar ta fara gyara mayafi tana laluben takalmi, tace ɗan nan mun kusa ko? nace Hajiya da saura, tace saura nawa, wallahi da kyar na iya cewa awa biyu. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, hannunta na rawa, gumi na karyo mata duk sanyin jirgin. Allah ya saka wa wata baiwar Allah ƴar Zinder da ke gefenmu, ita ta ɓalle ledar dabinonta ta bata, muka riƙa tashinta tana ɗan takawa.

Kuma fa mun baro Makka tun tsakar dare don mu isa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da wuri, ga layin awo ga na zamzam, a Malam Aminu Kano kuma jiran kaya. Tsohuwa ta fi awa goma sha biyu a hanya saboda mutum ɗaya ya kasa haɗa awa biyu.

Duk mai raka tsoho, in ka ga lokacin sauka a tikitin zuwa Kano ka ƙara awa biyu, in daga Kano za a zo Jidda ka cire biyu. Magani da abin taɓawa a jakar hannu, ko ejan ya rantse da me. Ka roƙi kujerar bakin hanya, ka nemi keken guragu tun wajen yankan tikiti. Shi kuwa da na dawo na same shi da maganar, wai ai a rubuce yake a takarda.