An sayi doki, ba a tanadi harawa ba

A jami'a mun sha gardama kan ra'ayoyin Nurkse da Hirschman, masana tattalin arziki guda biyu. Nurkse ya ce ƙasa mai tasowa ta zuba jari a fannoni da dama lokaci guda, don kowanne ya zama kasuwar ɗan'uwansa. Hirschman kuwa, a 1958, ya ce ina talaka ya ga wannan kuɗin? A tura fanni ɗaya gaba, ƙarancin da zai haifar shi zai jawo sauran. Ni bayan Hirschman nake, har da ɗaga jijiyar wuya.

Da na gama, na kama aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Maigidan ya sayo injin da ke duba shinkafa da kyamara, in ya hango baƙar ƙwaya ya hure ta da iska. Ranar da aka kunna shi, 'yan dako sun ajiye buhu sun zo kallo. Ba a yi wata biyu ba wuta ta zo da ƙarfi cikin dare, allon injin ya ƙone. Duk garin ba mu sami wanda zai taɓa shi ba. Mako uku muna jiran kayan gyara daga waje, mata suka dawo tsinta a faifai, ga injin miliyoyi a gefensu an lulluɓe shi da tampol.

Tsohon makanikinmu ya dube ni ya ce, "Ɗana, an sayi doki, ba a tanadi harawa ba."

Ba zan ce Hirschman ya yi ƙarya ba. Ƙarancin wutar ya jawo jari, amma janareto ya jawo. A Sharada da Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, kowa da nasa, kuɗin dizal kuma a kan buhu yake sauka, mai cefane ya biya. Daga nan na fara yi wa masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta wani kallo dabam. Shagari ya aza harsashinta a 1980, injiniyoyin Tarayyar Sobiyet suka gina, amma layin dogon Itakpe zuwa Warri, wanda aka tsara don jigilar tama da ƙarfe, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi, babban tanderun narka taman kuwa ba a taɓa hura shi ba.

Kwanaki wani dillali ya kawo mana hotunan sabon inji, yana ta zuba bayani. Na bari ya gama, na ce, "Alhaji, in ya tsaya ranar Juma'a da yamma, wa zan kira a nan Kano?" Ya ce zai bincika.