Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Unguwar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

A makon jiya na tsaya ne a daren da mota ta sauke ni a garin Butte na jihar Montana, cikin watan Agusta na 2011, da jaka biyu da takardar shiga makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Montana Tech. 'Yan garin "Biyut" suke kiransa.

Ɗakin da na samu a saman benen wata tsohuwa yake, jikar 'yan ci-rani daga Italiya, mijinta ya rasu, shekarunta 76. Tun ranar farko na ce mata Mama, don bakina ba zai iya kiran sa'ar mahaifiyata da sunanta gatsau ba. Ta yi murmushi ta karɓa, kuma har na bar garin haka nake kiranta.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina sunayen tituna ne. Ga titin Copper, wato tagulla. Ga Silver da Gold, azurfa da zinariya. Ga Mercury, zaiba, ga Iron, baƙin ƙarfe, ga Granite da Quartz. Da na iso kan titin Galena sai na tsaya ina kallon allon, domin galena shi ne dutsen da ake niƙawa a yi tozali, wanda kakata ke zubawa a 'yar tandunta ta fata. Mutum zai iya yin bitar rabin darasin ma'adinai daga gida zuwa aji ba tare da ya buɗe littafi ba.

Sai kuma gine-ginen. Tsohon garin a jikin tudu yake, kuma da ka shiga sai ka ga kamar yaro ne ya saka babbar rigar ubansa. Benaye na jan bulo, wasu hawa takwas, irin su Hirbour na 1901 da Metals Bank na 1906, ga otal ɗin Finlen na 1924, amma mutanen garin gaba ɗaya kusan 34,000 ne kawai. Ƙasan bene shago ne ko ofis, samansa tagogi a toshe da katako. Tsakanin bene da bene sai ka tarar da fili fetal, ciyawa ta fito, jikin bangon maƙwabci har yanzu da shatar matakalar gidan da ya taɓa jingina da shi. A kan tudun kuma hasumiyoyin baƙin ƙarfe sun yi cirko-cirko, kowace a bakin tsohuwar rijiyar haƙa, da manyan ƙafafun da ke juya igiyar saukar da leburori cikin ƙasa. Da daddare ana kunna wa wasunsu jajayen fitilu.

Tarihin a taƙaice shi ne, masu neman zinariya ne suka kafa sansani a wurin a 1864, da bukkokin katako da tantuna. Azurfa ta biyo baya. A 1879 gobara ta cinye tsakiyar kasuwar garin, sai majalisa ta yi dokar cewa duk mai sabon gini a nan sai da bulo ko dutse. Jan bulon da na gani ke nan. Daga nan Marcus Daly, mutumin Ayalan, ya faɗa kan tagulla a ramin Anaconda daidai lokacin da Amurka ke jan wayar lantarki gari-gari, kuɗi ya ɓarke. Abokin hamayyarsa William Clark ya gina wa kansa gida mai ɗaki 34 a titin Granite, yana nan har yau. Mutane suka yi ta kwarara daga Ayalan da Ingila da Finlan da Italiya da Sin, kowace ƙabila da unguwarta kusa da ramin da mazanta ke aiki.

Duk wannan a gidan tarihi na karanta. Abin da ya zauna mini a zuciya, a kicin ɗin Mama na fara ganinsa.

Saman murhunta akwai wani ɗan farantin ƙarfe mai shuɗin fenti, an kafe shi da ƙusa biyu, ɗauke da lambar gida. Gefensa ya ɓantare, tsatsa ta ci ramukan ƙusar. Lambar ba ta gidan da muke ciki ba ce. Na yi mako uku ina kallonsa kafin na tambaya.

Ta ce, "Lambar gidanmu ce a unguwar Meaderville. Ranar Lahadi ka shirya, ɗana, zan kai ka ka ga gidan."

Ranar Lahadi ta tuƙa mu zuwa gabashin gari. Muka biya kuɗin shiga, muka bi ta wani dogon rami mai farar fitila, muka ɓulla kan wani dandamali na katako. Abin da ke gabanmu shi ne ramin Berkeley. Tsawonsa ya kai mil guda, faɗinsa rabin mil, zurfinsa ya haura ƙafa 1,700, bangonsa hawa-hawa kamar an yanka da wuƙa. Ruwa ya cika shi fiye da rabi, ruwa mai duhu, ko motsi ba ya yi. Na yi karatun irin wannan rami, na san lissafinsa a takarda, amma sai da na riƙe ƙarfen dandamalin.

Mama ta miƙa hannu ta nuna can tsallake, wajen da babu komai sai tulin dutse da iska. Ta ce nan ne titinsu. Nan kantin mai nama, nan gidan abincin da masu kuɗin gari ke zuwa cin taliya da daddare, nan tanderun da mahaifiyarta ke gasa burodi a bayan gida. Yatsanta na tafiya a hankali, yana karya kwana, yana tsayawa ƙofa-ƙofa, tana kiran sunan kowane iyali. Ba ta ɓata ko sau ɗaya ba.

A 1955 kamfanin Anaconda ya fara wannan rami, saboda buɗe ƙasa daga sama ya fi tura mutane cikin rijiya arha. Ramin ya yi ta faɗaɗa, kamfani na sayen gidaje layi-layi. Meaderville ta tafi, McQueen ta tafi, East Butte ta tafi. Wasu gidajen an ɗora su ɗungurungum a kan manyan motoci an gangara da su filin da ke kudancin gari, wanda suke kira Flats, inda yau manyan kantuna da gidajen mai suka jeru a titin Harrison. Wasu an rushe. Cocin Holy Savior na McQueen kuwa binne shi aka yi a ƙarƙashin tarkacen dutse. Lambun shaƙatawa na Columbia, wanda Clark ya buɗe wa jama'a a 1899, an rufe shi a 1973, kuma a cikin shekarar wuta ta kama shi. Mama ta ce a shekarun 1970 sai su kwana da jiniyar 'yan kwana-kwana, gari ya waye wani bene ya zama toka. Filayen da na gani tsakanin benaye ke nan. Har an kawo shawarar a kwashe tsohuwar kasuwar gaba ɗaya a mayar da ita gangare don rami ya samu hanya, majalisar gari ta ƙi.

Sannan a 1982 aka kashe injinan da ke zuƙe ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, aka daina aiki a ramin. Shekara 27 kacal. Unguwannin da suka yi kusan shekara tamanin ana haihuwa ana aure a cikinsu aka bayar saboda aikin shekara 27, kuma ni da na zo koyon wannan sana'a ban taɓa samun lissafin da ya gamsar da ni a kan haka ba. Ruwan da ya taru guba ne, mai tsami, cike da narkakken ƙarfe. A 1995 garken dinya masu ƙaura suka sauka a kansa, aka tsinci gawar 342.

Ina tsaye a wurin sai ga Bukuru, garinmu da ke kusa da Jos, a idona. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan kuza ne, da kwano a ka ya fara kafin ya zama mai kula da injin ruwa. Ina ɗan shekara biyar farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, aka sallame su. Barikin da aka haife ni, layi huɗu na ɗakuna masu rufin kwano, da famfo ɗaya a tsakiya, an fara da cire kwanon, sannan ƙofofi, sannan damina ta gama da sauran. Abin da ya rage shi ne kududdufin da haƙa ta bari, koren ruwa mai zurfi, wanda iyayenmu mata ke dukanmu idan suka ji mun je bakinsa, don ya sha cin 'ya'yan mutane. Duk sanda Baba ya bi da ni ta wurin a kan kekensa sai ya rage gudu ya nuna da haɓa, ya ce, "Nan ne ɗakinmu, na uku daga famfo." Ni kuwa ciyawa kawai nake gani. Sai a ranar, a ƙasar da ba ko ɗaya mai jin Hausa, na gane abin da yake kallo.

Na faɗa wa Mama wannan. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko mun ɗauko wani abu daga ɗakin. Na ce akwai kwanon da Baba ke ɗaukar ƙasa da shi, yana wurin Inna, a ciki take shanya kuɓewa. Ta ce, "Ka ce mata kada ta bayar da shi."

A hanyar komawa ba ta bi ta titin da muka zo ba. Ta haura da mu can saman tudu, wajen da aka yi dandalin tunawa da mutum 168 da gobarar ramin Granite Mountain ta kashe a watan Yuni na 1917, ta bar ni ina karanta sunayensu, ita tana zaune a mota da injin a kunne saboda sanyi. Da muka isa gida ta buɗe kabad ta ciro wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta, mai kauri, aljihunta ɗaya an yi masa faci, ta ce wadda na zo da ita daga Jos ba za ta kai ni watan Nuwamba ba.

Da wannan rigar na fara shiga ƙarƙashin ƙasa. Labarin ranar sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.