Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Raɗaɗin da Ya Rage Bayan Ɗinki Ya Warke

A makon jiya na tsaya a inda aka cire mini maman hagu tare da ƙwayoyin kaluluwar hammata, na kuma kammala gashin da ake yi wa masu cutar kansa da na'ura. Ɗinki ya kame, tabo ya bushe, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, amma wata ƙuna ta zauna mini daga hammata zuwa cikin damtse, inda fatar ta mace har ba na jin tsinin farce, alhali idan riga ta goge ta sai zafi ya tsarga mini kamar na taɓa wayar lantarki. Wani lokacin ma ƙaiƙayi nake ji a kan maman da babu shi.

Yayata, wadda ta yi jinyata tun daga farko, ba ta son jin wannan zance. Takan ce, "Ƙanwata, ki gode wa Allah, waɗanda kuka kwanta ɗaki ɗaya da su ba duka suka koma gida ba." Gaskiya ta faɗa, sai dai godiya ba ta hana neman magani, kuma mu mata an horar da mu a kan cewa duk wanda ya ce mana yaya jiki, amsarsa ita ce da sauƙi, ko da likita ne ya tambaya don ya san abin da zai rubuta.

Wata likita ce a asibitin da nake komawa duba ta ƙi karɓar wannan amsa. Ta ce, "Malama, ki ba ni lambar ciwon daga 0 zuwa 10." Ta bayyana mini cewa akwai wata jijiyar ji da ke fitowa daga tsakanin haƙarƙari ta ratsa hammata zuwa damtse, wadda sau da yawa ake yankewa ko a ja ta wajen ciro kaluluwa, kuma ciwon da ya wuce wata 3 bayan tiyata ba a ɗaukarsa zafin rauni, lalura ce mai zaman kanta. Daga bakinta na ji labarin binciken da aka wallafa a 2009 a kan mata fiye da 3,000 da aka yi wa tiyatar kansar mama a Denmak, inda kashi 47 cikin 100 suka ce suna jin ciwo shekara 2 zuwa 3 bayan aiki, kashi 13 cikin 100 na waɗannan kuma ciwonsu mai tsanani ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a cikin masu ciwon, kusan ɗaya cikin biyar ce kawai ta kai kukanta wurin likita a watanni ukun da suka gabaci binciken. Ashe haɗiye ciwo ba a kan matan Hausa kaɗai ya tsaya ba.

A ma'aunin likitoci, 1 zuwa 3 ciwo ne mai sauƙi, 4 zuwa 6 matsakaici, daga 7 kuwa mai tsanani. Ban raina wannan ma'auni ba, amma bai ishe ni yanke hukunci ba, domin 4 ɗin da nake ji da hantsi ina cikin ɗalibai ba ɗaya yake da 4 ɗin tsakar dare ba, lokacin da babu abin da zai ɗauke mini hankali. Don haka na koma auna ciwon da abin da yake ƙwace mini: ko ya bar ni na yi barci har asuba, ko ina iya ɗaga hannu na yi kabbara ba tare da na cije leɓe ba, ko zan iya ɗaura ɗankwalina ban kira 'yata ba. Muddin waɗannan suna hannuna, na yarda mu zauna tare da shi.

Hukuncin da ya fi wuya shi ne na magani. Farasitamol ba ya yi wa ciwon jijiya wani abin kirki, sai aka ɗora ni a kan amitriptyline kaɗan da dare, wanda ya rage ƙunar amma ya busar mini da baki, ya kuma sa tashin asuba ya yi mini nauyi. Da aka gwada gabapentin ciwon ya kusa ɓacewa, sai dai jiri da mantuwa suka hana ni tsayawa a gaban allo. Da shawarar likita aka janye shi a hankali, na zaɓi zama a kan 3 da hankalina garau maimakon 1 da kai a ɗaure, na haɗa da motsa jikin da ma'aikaciyar fisiyo ta koya mini na tattaka bango da yatsu har hannu ya miƙe. Wata maƙwabciya ta kawo mini tramadol daga kemis, na mayar mata da godiya. Ban ce zaɓina zai dace da kowace mace ba. Mai ɗinki ko mai goyo lissafinta daban ne.

Akwai kuma ciwon da likitar ta ce kada na yi masa haƙuri ko da 2 ne: wanda ya zo sabo ko ya sauya kama, wanda ya nutse cikin ƙashin baya ko na ƙugu yana ƙaruwa da dare, wanda ya zo da ƙullutu a kusa da tabo, ko da kumburin hannu da ja da zazzaɓi. Irin wannan ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Kumburin hannun kuwa ya riske ni daga baya, kuma shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.