Yunit biyu da suka kusa cinye mini shekara

Tun ranar da sunana ya fito a jami'a a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa kawuna ya laƙaba mini "Ambasada". Ni ma na hau na zauna. Na taso ina jin BBC da Muryar Jamus da asuba kusa da baba, don haka gani nake na riga na ci rabin karatun, saura kawai a ba ni babbar riga da fasfo.

Fom ɗin rajistar kwasa-kwasai ne ya fara dawo da ni cikin hayyacina. A ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, wanda ya shigo ta JAMB sai ya ci aƙalla yunit 120, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, kafin a ba shi digiri, wanda ya shigo aji biyu kai tsaye kuma 90. A zango ɗaya ba ka ɗaukar ƙasa da 15, ba ka wuce 24. Wannan 24 ɗin ban ɗauke ta bakin komai ba a lokacin.

Aji ɗaya duk share fage ne: kimiyyar siyasa, tattalin arziki, tarihi, da darussan bai-ɗaya na GST da kowa ke yi, a ɗakin da in ka makara sai dai ka saurara ta taga. Daga aji biyu aka shiga abin da na zo nema. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Wesfaliya ta 1648 a Turai, taron Balin na 1884 da aka yi wa Afirka rabon nama, yarjejeniyar Biyana ta 1961 da ta ba jakadu kariya, hukuncin kotun duniya na 2002 da ya miƙa Bakasi ga Kamaru. Waɗannan ko cikin barci aka tashe ni zan amsa.

Lissafin ƙididdiga ne na raina. Yunit biyu kacal, ƙarfe takwas na safe, na ce ina ruwan jakada da lissafi? Ranar da aka liƙa sakamako a allon sanarwa na bi lambata da yatsa, sai ga F tana kallona. Ashe sai ka ci shi ake yarda ka yi rajistar dabarun bincike a aji uku, shi kuma da shi ake koyon rubuta kundin kammala digiri. Na je wurin malamin da ke kula da ajinmu na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mini hannu." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam Ambasada, ba a hawa bene daga sama." Haka na ja kari-oba, wato maimaita kwas, kwasa-kwasan biyu suka matsa gaba da shekara guda, na shiga aji huɗu da yunit 24 cif a zangon farko. Da ƙarin kwas ɗaya ya hau kaina, da sai na maimaita shekara.

Faransanci ma haddar cin jarrabawa na yi masa, kuma shi ma ya rama. Kundina a kan Hukumar Raya Tafkin Chadi na rubuta shi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, hedkwatarta na Njamena. Da na fara tattara takardu, da yawansu da Faransanci suke. Wani abokin karatuna ɗan Maraɗi ne ya cece ni. Kullum bayan isha'i mu zauna wurin mai shayi, yana karantawa yana fassara mini da Hausa, ni kuma ina biyan kuɗin shayi da ƙwai.

Bana ƙanwata ta samu gurbi a fannin. Da ta kawo mini fom ɗinta, biro na ɗauka na zagaye mata kwas biyu, na ce waɗannan ko zazzaɓi kike yi kada ki yi fashinsu.