Faci a Hanyar Timiya

Daga Kano zuwa Damagaram, daga can Tanut har Agadas, babu abin ba da labari sai ƙura da ciwon baya. Tafiya ta soma daɗi ne da muka bar Agadas muka nufi Timiya, can cikin duwatsun Abzin, nisan da ya ɗara kilomita 200 kuma ba kwalta. Abokina mai fataucin albasa da tafarnuwa ne ya ja ni, wai in zo in ga inda ake noman lemo a tsakiyar Sahara.

Motar da muka yi shata tsohuwar Land Cruiser ce, direbanta Ba'abzine, rawani har hanci, Hausarsa radau. Na hango safayar taya har biyu ɗaure a saman mota na ce, "Malam, wannan duk na mene ne?" Ya ce, "Alhaji, mai taya ɗaya a Abzin ai bai fito tafiya ba, yawo ya fito."

A wani shinge wani jami'i ya karɓi takarduna ya yi ta juya su, ko sallamata bai amsa ba, yana tambayar me Bakano ke nema a cikin dutse. Ya shanya mu a rana ya koma inuwa. Wulaƙancin dai irin na gida ne sak, bambancin kawai wannan bai nemi na goro ba.

Bayan Dabaga hanya ta riƙa faɗawa cikin busassun koramu masu yashi. Direba ya tsaya ya rage wa tayoyi iska don su baje kada mu kafe. Matsalar ita ce tayar da aka sassauta wa iska cikinta kan fito waje, ga shi da an hau tudu sai baƙin dutse mai kaifi. Haka kuwa aka yi. Muna fitowa daga wata korama muka ji fuuu, motar ta karkata ta baya hagu. Dutse ya tsaga gefen tayar, tsagar da yatsu uku za su shige, wadda ko mai faci ba zai kalla ba.

Ni da abokina muka shiga salati, shi kuwa ko a jikinsa. Ya lallaɓa motar zuwa wuri mai ɗan tauri, ya sa giya ɗaya, ya ja birkin hannu, ya sa yaron mota ya tokare sauran tayoyin da duwatsu gaba da baya. Bai taɓa jak ba sai da ya fara sassauta notuna shidan nan tun tayar na ƙasa. Noti ɗaya ya ƙi, ya zura guntun bututun ƙarfe a hannun sufana ya danna a hankali har ya saki.

Sai batun jak. A kwalta ɗorawa kawai kake yi, a nan kuwa ƙasa ce ke haɗiye shi. Yaron ya kwanta rub da ciki ya share yashi da hannu, suka shimfiɗa wani katako mai kauri da duk mai ya baƙanta shi, aka ɗora jak a kai ya tokari ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Kafin a cire mai facin, direba ya tura safayar ƙarƙashin mota, ko da jak zai zame. Yaron ya so ya sake leƙawa ciki ya daka masa tsawa, "Kai, fito da kanka daga nan!" Notunan da zafi suka fito, a cikin hular yaron aka tara su, don wanda ya faɗa yashi ya tafi ke nan. Da aka zo sa sabuwar sai ta ƙi shiga, mai iska ta fi saɓaɓɓiya tsayi. Maimakon ya ƙara ɗaga mota, sai ya yashe ƙasan wurin kaɗan, ta zauna daram. Ya ɗaura notunan da hannu, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, aka sauke mota ya ƙara tamke su. Na tuna masu facinmu na gida da ke hawa kan sufana da ƙafa biyu suna tsalle, ranar da ka tashi kwancewa kai kaɗai sai ka yi kuka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba aikin ba ne. Muna cikin yi wata motar albasa ta taho daga arewa, ba wanda ya ɗaga mata hannu, ta tsaya. Suka sauko, aka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, suka tambaya ko muna da ruwa, ko famfonmu na aiki. Wani dattijo cikinsu ya hura gawayi a gindin ƙaya ya ɗora shayi, ya ɓantaro mana cuku. Na zaro kuɗi na ce, "Baba, ga wannan a sayi sukari." Ya dube ni ya ture hannuna. A hanyar Kaduna ka tsaya da faci da la'asar sakaliya ka ga mai tsayawa! Ban ga laifin mutanenmu ba, tsoro ne ya mai da mu haka, amma dai abin da ciwo.

A wani ƙauye gaba muka nemi tsohuwar taya don kada mu koma da safaya ɗaya. Mai ita ya ji Hausata ya kira kuɗin da a Kano kusan sabuwa zai saya. Direba ya ce in koma mota, suka tsuguna suka yi ta yi da Buzanci, ya karɓo ta a rabin kuɗin. Nan ma ya sake bin notunan da sufana ɗaya bayan ɗaya.

Timiya kuwa lambuna ne kore shar tsakanin duwatsu, ga lemo ga rumman ga dabino, da araha har kana jin kunyar tayawa. Mun je inda ruwa ke zubowa daga dutse, mun hau tsohuwar ganuwar Faransawa da ke kan tudu. Sanyin dare ya hana ni barci. Abokina ya ƙulla cinikin tafarnuwarsa muka juyo, ƙaya ta sake huda mana tayar gaba dab da Agadas.