Ruwan da ke ɗauke sigina ma lissafinsa ake yi

Duk mai dish ya san abin nan, ruwa na kecewa da ƙarfi hoto ya fara kakkaryewa, murya ta riƙa shaƙewa, can sai allo ya ɗauke gaba ɗaya. Da yawa iska suke zargi wai ta karkatar da dish, amma galibi ɗigon ruwan ne da kansa, ya shanye wani ɓangare na siginar ya watsar da wani. Abin yana fara tsanani daga wajen gigahaz 10 zuwa sama (gigahaz shi ne ma'aunin mitar sigina, wato yawan kaɗawarta a daƙiƙa), shi ya sa a cikin rukunonin mitar da tauraron ɗan'adam ke aiko sigina da su, Ku band ke wahala, Ka band da ke sama da ita kuwa ba a magana, alhali C band da ke can ƙasa wajen gigahaz 4 ko a jikinta.

Ni abin da ya fi burge ni, injiniyoyi tun kafin a kafa komai sun riga sun lissafa wannan ɗaukewar. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, tana da ƙa'ida mai lamba P.838, ka ba ta ƙarfin ruwa a milimita cikin awa, ka ba ta mitar siginar, ta gaya maka desibel nawa, wato ma'aunin raguwar ƙarfin sigina, za ka rasa a kowace kilomita da siginar ta keta cikin ruwan. Misali ruwa mai milimita 50 a awa, a gigahaz 12 asarar desibel 2 ce da ɗoriya a kilomita, a gigahaz 30 kuwa ta kusa 10. To ka tuna fa desibel 3 kacal rabin ƙarfin sigina ke nan.

Nan ne mutane ke kuskure, suna duba yawan ruwan shekara. Ba shi ba ne malam. Yayyafin da zai wuni yana zuba ba ya wata ɓarna, na minti goma mai kamar da bakin ƙwarya shi ne matsalar, don haka ake son awon minti-minti, a nemo ƙarfin da ruwa ke wucewa a kashi 0.01 cikin ɗari na shekara, wajen minti 53 ke nan, sai a ƙara wa siginar ƙarfin da zai jure har zuwa wannan mataki. Lissafin ba zai ce maka ran Talata da yamma za a ɗauke ba, jimillar mintunan shekara kawai yake faɗa.

Akwai ma wani abin dariya, babban ɗigo ba ƙwallo ba ne in yana faɗowa, iska na baje shi ta ƙasa, sai siginar da aka aiko tana kaɗawa a kwance ta fi mai kaɗawa a tsaye shan wuya. Sannan in tauraron ɗan'adam ɗin yana can ƙasa-ƙasa a sararin sama, hanyar da siginar za ta keta cikin ruwan ta fi tsawo, asara ta ƙaru, dole mai irin wannan wuri ya nemi dish mafi faɗi.